"Na Yafe": Me Ake Saki Idan An Furta Ta, Kuma Wa Ke Ɗauka?

Da zarar an gama girbi an zuba damman hatsi a rumbu, zaman rabon gado kan yawaita a zaurukan masu gari, daga Madarunfa har Tasawa a jihar Maradi ta Nijar. Liman ya lissafa magada, ya faɗi rabon kowa, sannan a juya ga 'yar mamaci da ta zo daga gidan mijinta ta zauna can gefen tabarma. A ce mata: "To ke fa, me kika ce?" Ta sunkuyar da kai ta ce: "Ni na yahe." A shafa fatiha a watse. Bayan shekara goma sha biyar sai ga ɗanta a gaban sarki yana neman gonar uwarsa, kawunnansa na cewa ai ta yafe da bakinta, shi kuma yana cewa haƙura ta yi, ba kyauta ta bayar ba.

Yawancin irin wannan rigima daga kalmar take tasowa. "Yafe", ko "yahe" a bakin mutanen Katsina da Gobir, kalma ɗaya ce da muke ɗora wa ayyuka da yawa, alhali fiƙihu da dokar ƙasa kowanne ya ba waɗannan ayyuka sunaye dabam da hukunci dabam.

Yadda ginin jimla ke sauya ma'ana

Abin da ya biyo bayan kalmar shi ke nuna me aka saki. Idan mutum ya ce "na yafe maka", bai ambaci komai ba, mai sauraro zai fahimci laifi ne aka yafe: zagi, cin fuska, ƙazafi. Idan ya ce "na yafe maka jika hamsin ɗin nan", dukiya ce ta fita daga hannunsa ta zauna wurin wanda ake bi. Ƙaramar kalmar nan "wa" ko "ma" ita ce ke nuna wanda ya amfana, kuma ita ce ake yawan mantawa a zaman gado. "Na yafe rabona" jimla ce da ba ta gama ba. "Na yafe wa yaya rabona" ta gama.

Akwai kuma inda mutum ne kansa ake yafewa. Uban da ya ce wa ɗansa "na yafe ka" ba gafara ya yi masa ba, cire hannu ya yi daga lamarinsa. Maganar tana da nauyi a zumunci, amma ba ta taɓa gado. Abubuwan da ke hana gado a shari'a sanannu ne, kamar kashe wanda za a gada da bambancin addini, kuma fushin uba ba ya cikinsu. Ɗan da aka yafe zai ci rabonsa cif kamar sauran.

Sai "na yafe" ta wanda aka miƙa wa goro ko tuwo bai so. Wannan ƙin karɓa ne kawai: abin bai taɓa shiga mulkinsa ba, don haka babu abin da ya fita. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar gado kamar ƙwaryar furar da aka miƙa, wadda in ka ƙi sha ta koma ga mai ita. Za a ga dalilin da ya sa ba haka ba ne.

Kalmomin da ke kewaye da ita

"Na haƙura" tana nuna an daina nema, ba ta nuna an yarda. Mai haƙuri yana iya kasancewa ya gaji da zirga-zirga ne, ko yana tsoron ɓacin zumunci. "Na bar shi da Allah" ta fi wannan tsanani, don kishiyar yafiya ce: mai maganar ya janye daga kotun duniya ya kai ƙararsa gaba, kuma wanda aka faɗa wa haka haƙƙin na nan a wuyansa. "Na bar maka" tana iya zama kyauta, tana iya zama aro. Manomi kan ce wa ƙaninsa "na bar maka gonar" yana nufin damina ɗaya. "Na sallama" maganar kasuwa ce, akwai kuɗi a gabanta. "Na ɗaga maka ƙafa" jinkiri ne, bashi na nan. "Rangwame" ragi ne. "Janye" ta ƙara ce da takara, "murabus" ta sarauta da muƙami. Malamai da masu fassarar shari'a kuma suna amfani da "saraya": haƙƙi ya saraya idan ya faɗi da kansa, mutum ya sarayar da shi idan shi ya kayar.

Duk waɗannan, idan aka kai magana gaban hukuma, tafinta na iya maida su kalma guda a takarda, ko kuma ya karanta wa mutum kalmomin Faransanci uku mabambanta ya ce masa duka "yafewa" ne.

Abin da fiƙihun Malikiyya ya rarrabe

Malam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya bambanta abu biyu a littafinsa na Furuƙ. Akwai kayar da haƙƙi, wanda idan an yi shi haƙƙin ya gushe bai koma hannun kowa ba, kamar wanda ya yafe ƙisasi. Akwai kuma ciratar da haƙƙi daga hannu zuwa hannu, da musaya kamar ciniki ko ba musaya kamar kyauta da sadaka. Gona, gida, saniya da buhun wake ba a kayar da mallakarsu da baki su zama ba na kowa ba; sai dai a ba wani. Saboda haka duk "na yafe" da ta faɗa kan irin wannan dukiya kyauta ce, kuma dokokin kyauta ne ke hawa kanta.

Dokokin kuwa ba su da wuyar ganewa. Mai bayarwa ya zama baligi mai hankali da ya san tattalin dukiya, abin ya zama nasa, ya bayar da daɗin rai. A san wanda aka ba, shi kuma ya karɓa. Sannan akwai hauzi, wato wanda aka ba ya riƙe abin a hannunsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure a Maradi ya sani, ta ce kyauta da sadaka ba su cika sai da hauzi, kuma in mai bayarwa ya mutu kafin a karɓa, abin ya koma gado. Wanda ya yi kyauta yana cikin ciwon ajali, daga sulusin dukiyarsa kawai za a fitar, kuma in magaji ne aka ba, sai sauran magada sun yarda. Malikiyya sun ƙara da cewa matar aure in ta yi kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta, mijinta na da damar ya warware. Wasu mazhabobin ba su yarda da wannan ba, amma alƙalan al'ada a nan da Malikiyya suke aiki.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne lokaci. Ba a yafe abin da bai wajaba ba tukuna. Ɗan da ya ce ya yafe gadon ubansa alhali uban na raye bai yafe komai ba, don ba shi da komai a lokacin, kuma babu wanda ya san wa zai riga wani. Haka abokin tarayya a gona da ya ce "in za ka sayar da rabonka ba ruwana": ranar da aka yi cinikin haƙƙinsa na shufa'a, wato fifikon abokin tarayya wajen sayen rabon, yake tsayawa, yana iya biyan kuɗin ya karɓi rabon. In ya yafe bayan ciniki, shi ke nan. In kuma yana gari, ya sani, ya yi shiru har shekara, Risala ta ce shufa'arsa ta faɗi.

Gado: inda kalmar ta fi yin ɓarna

A shari'a gado ba tayi ba ne. Daga lokacin da mutum ya cika, bayan an fitar da kuɗin jana'iza, bashi da wasiyya, rabon kowane magaji ya shiga mulkinsa ko yana so ko ba ya so, ko yana Maradi ko yana Agadas. Macen da ta ce ta yafe, dukiyarta ce take bayarwa, kuma dole a tambaye ta: wa kika ba?

A ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi, ba bashi ba wasiyya, gonarsa eka huɗu. Matar na da tumuni, rabin eka. Saura eka uku da rabi a kasa bakwai: kowace 'ya mace rabin eka, kowane namiji eka ɗaya. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce "na yafe" ba ta ambaci kowa ba. In babban wa ya ɗauka shi aka ba, ya tashi da eka ɗaya da rabi. In aka yi kamar ba a taɓa haifarta ba, eka uku da rabi za a kasa shida, kowane namiji ya samu eka ɗaya da kashi ɗaya cikin shida, kowace mace ta ɗan haura rabin eka. In kuma nufinta 'yan uwanta huɗu su raba daidai wa daida, tunda kyauta ba ta bin ƙa'idar namiji biyu mace ɗaya, kowa zai ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas na eka. Wataƙila ma uwarta take nufi, wadda babu wanda ya tuna da ita a lissafin. Sakamako huɗu ke nan daga kalma ɗaya, kuma kowane ɓangare zai rantse cewa nasa ne aka nufa.

Akwai hanya ta uku tsakanin karɓa da kyauta, wadda malamai ke kira takharuji: magaji ya fita daga tarayya a biya shi. An rawaito cewa Tumadir, matar Abdurrahman bin Auf, ta yi sulhu da sauran magada kan rabonta daga cikin tumuni ta karɓi kuɗi. Macen da aure ya kai ta Dakwaro, ba za ta iya noma rabin eka a Gidan Rumji ba, tana iya sallama wa 'yan uwanta a kan farashin da aka yi wa gonar ƙima, su biya lokaci ɗaya ko kaka biyu. Gona ba ta tsage ba, ita kuma ba ta tashi hannu wofi ba. Tana iya kuma riƙe mallakarta ta ba wanta aro ko haya, yana kai mata dami kaza duk kaka. Wannan ba yafewa ba ne ko kaɗan, amma da yawa daga cikin matan da suka ce "na yahe" abin da ke ransu ke nan.

Dalilin da ya sa maganar ta yi zafi yanzu

A da, ƙasa na da yawa. Gandu na hannun maigida, mace na samun gamana, 'yar gonarta ta kanta, a gidan mijinta, kuma barin gonar uba ga 'yan uwa maza yana da sakayya da kowa ya sani: in aurenta ya mutu ɗakinta na nan, in yunwa ta zo za a auna mata, in za ta aurar da 'ya kawunnai za su tsaya. Wannan yafewa ce mai sharaɗi, ko da ba a furta sharaɗin ba.

Ƙidayar 2012 ta samu mutane kusan miliyan 3.4 a jihar Maradi, kuma kudancin jihar na cikin wuraren da suka fi cunkoso a ƙasar. Gonaki sun tsattsage, saura, gonar da ake bari ta huta, ta ƙare, ƙasa ta zama abin saye da sayarwa da jingina. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka wallafa a 2006 ya nuna yadda ƙarancin ƙasa ke fitar da mata daga noma a kudancin Nijar, har matan aure ƙanana su rasa gamana, ya kuma nuna yadda mata ke komawa ga hukuncin Alƙur'ani don neman rabonsu. A gefen gari kuma, gonar da aka yafe tana ba da dami talatin ta zama filaye da ake yankawa ana sayarwa da miliyoyi. Wanda aka bar wa don ya noma ya ciyar da gida ya sayar ya sayi mota, ƙanwar da ta yafe tana haya.

Ra'ayi biyu, kowanne da hujjarsa

Masu cewa magana ta ƙare suna da ƙa'ida a hannu: abin da ya faɗi ba ya dawowa, kuma hadisi ya yi kakkausan kashedi ga mai komawa kan kyautarsa. A Malikiyya iyaye ne kawai ke da damar karɓe kyautar da suka yi wa ɗansu, su ma da sharuɗɗa, sadaka kuwa ba a karɓe ta. Sun ƙara da cewa Malikiyya sun halatta kyautar abin da ba a san yawansa ba, don haka "ban san eka nawa ba ne" ba hujja ba ce ita kaɗai. Kuma in aka buɗe ƙofa, wanda ya shekara ashirin yana zuba taki, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro, ba zai taɓa samun kwanciyar hankali ba.

Ɗaya ɓangaren na kafa hujja da hadisin da ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Macen da aka tambaya a gaban baffanni da liman da mai gari, kwana bakwai da rasuwar ubanta, kunya da kara ne suka amsa, ba ita ba. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne: malaman Malikiyya na Magrib, a arewacin Afirka, sun daɗe da yin fatawa cewa a inda al'ada ta shahara da hana mata gado, kyautar da 'ya'ya mata da 'yan uwa mata ke yi wa danginsu ba ta da ƙarfi, suna iya dawowa su nema, magadansu ma haka.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba su saɓa kan ƙa'ida ba. Dukansu sun yarda kyautar daɗin rai ta zauna, ta tilas ba ta zauna ba. Saɓaninsu kan shaida ne: me ya faru a zauren ranar nan? Shi ya sa alƙali kan tambayi ko an ware mata rabonta ta gan shi kafin ta yi magana, ko an tambaye ta ita kaɗai, ko akwai wata mace a dangin da ta taɓa karɓar gona ba a ƙaurace mata ba, ko ta ci gaba da karɓar hatsi daga gonar. Karɓar hatsi duk kaka alama ce mai ƙarfi cewa aro ne.

Abin da takardar Faransanci ke cewa

Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Dokar tsarin kotuna ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2018, sun ce a sha'anin aure, saki, gado, kyauta da gonakin da ba su da rajista, kotu na aiki da al'adar masu shari'a, muddin ba ta saɓa wa doka da yarjejeniyoyin da ƙasa ta sa wa hannu ba. Alƙali na zama da mataimaka masana al'ada, kuma a Maradi al'adar Bahaushe Musulmi a gado fiƙihun Malikiyya ce. Kafin kotu, sarakuna na da ikon sulhu, su rubuta takardar an sasanta ko ba a sasanta ba.

Amma akwai kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa, mai asali tun 1804, kuma "renonciation" ɗinsa ba "yafe" ɗinmu ba ce. A can magaji na iya ƙin gado baki ɗaya, a ɗauke shi kamar bai taɓa zama magaji ba, rabonsa ya koma ga sauran, kuma ba ya ɗaukar bashin mamaci. Ba a zaton wannan ƙi daga shiru ko daga maganar zaure. Sai an je an rubuta shi a rajistar magatakardan kotu. A can ma ba a yafe gadon mai rai. Wanda ke son rabonsa ya tafi ga mutum ɗaya takamaimai, kalmar da ta dace a takarda ita ce "donation" in kyauta ce, "vente" ko "cession" in da kuɗi. Mai sa hannu ya nemi a karanta masa wace ce aka rubuta.

Ga gonaki, dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira kofo, waɗanda daga baya aka samu a matakin gari, komin da departama. Suna da takarda dabam ga kowane aiki: sayarwa, kyauta, aro, haya, jingina, da shaidar mallakar gargajiya. Wannan rabe-raben shi ne ainihin abin da kalmar "yafe" ke haɗiyewa. Wanda ya bar wa ɗan uwansa gona ya noma, takardar aro zai nema, a rubuta shekara nawa. In aka cika masa ta kyauta ya dangwala yatsa, ya fita daga gonar.

Bashi

Aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, yafewa kuma ta fi alheri. Abu biyu ne, kuma ɗan kasuwa ya kamata ya faɗi wanne yake nufi. "Bar shi kawai, Alhaji" a bakin shago ta sha haddasa rigima bayan mutuwar mai shagon, lokacin da magada suka buɗe littafi suka ga jika ɗari uku ba a soke ba. Wanda aka yafe wa ya nemi a soke a gabansa, ko a faɗa gaban mutum biyu.

A wurin jana'iza ma haka. Idan liman ya ce a yafe wa mamaci, jama'a suka amsa, abin da aka saba nufi shi ne laifin zaman tare. Bashin kuɗi sai mai shi ya ambace shi. Wanda ke bin mamaci bai yi rashin kunya ba in ya sami magada bayan kwana biyu ya faɗa, don biyan bashi na gaban rabon gado.

Wurare biyu Malikiyya suka hana. Na farko, mai bin bashin da lokacinsa bai yi ba ya ce "biya ni yau in yafe maka kashi ɗaya cikin biyar". Risala ta hana ragi don gaggautawa. In lokaci ya riga ya yi, ragi halal ne, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci Ka'ab bin Malik ya sauke rabin bashin da yake bin Ibn Abi Hadrad. Na biyu, yafe wa matalauci bashi a lissafa shi cikin zakka. Wannan ba ya sauke zakkar.

Ga ma'aikaci mai albashi, dokar ƙwadago ta 2012 ta kare shi daga nasa sa hannun: karɓar takardar biya ba tare da ƙorafi ba, ko rubuta cewa an gama lissafi duka, ba ya nufin ya yafe sauran haƙƙinsa.

A cikin aure

Sadaki na mace ne, ita ke yafe shi, kuma aya ta 4 a Nisa'i ta ɗaure halaccin cinsa da daɗin ranta. Ba a ƙulla aure kan sharaɗin babu sadaki. Bayan ya tabbata ne take iya bari. Kwana ma nata ne: Sauda bint Zam'a ta ba A'isha kwananta. Sai dai wannan haƙƙi ne mai sabuntawa kullum, don haka wadda ta yafe kwana tana iya dawowa ta nema daga yau, abin da ya wuce ne kawai ba a rama mata.

A hul'i mace na fansar kanta da dukiya ko da barin wani haƙƙi. In ta tabbata miji ya cuce ta ne don ta fanshi kanta, Malikiyya sun ce saki ya auku kuma a maida mata abin da ta bayar. Abincin yara da tufarsu da maganinsu kuwa haƙƙin yaran ne a kan ubansu. Uwar da ta ce cikin fushi "na yafe, ni zan riƙe abina" ta ɗauki nauyi ne a kanta, kuma ranar da ta kasa, nauyin na komawa kan uban.

Jini, haɗari da ƙara

Mota ta kaɗe mutum a hanyar Ɗan Isa, dangi su taru, babban wa ya ce: "Ƙaddara ce, mun yafe." Aya ta 92 a Nisa'i ta ba iyalan mamaci damar yin sadaka da diyya, amma diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiya. Wan mamaci, in akwai ɗa namiji, ba shi da ko dala a ciki, don haka ba shi da abin yafewa. Matar na iya yafe tumuninta. Rabon marayu kuwa ba mai ikon kyauta da shi, ko uwa ko wasiyyi.

Sau da yawa ma ba direban ne zai biya ba, kamfanin inshora ne. Dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka kan sha'anin inshora, wadda Nijar ke cikinta tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992, ta ce sulhun da ya shafi yaro sai an kai shi gaban alƙalin da ke kula da marayu ko majalisar dangi, ta ba wanda ya sa hannu kwana 15 ya warware sulhun in an saɓa wa dokar, ta kuma sa wa'adin shekara biyar daga ranar haɗari. Iyali na iya yafe wa direba a zuci, su roƙa masa sassauci, su kuma karɓi haƙƙin yara daga inshora. Ɗaya bai hana ɗaya ba.

Janye ƙara a jandarma ko wurin 'yan sanda na kashe neman diyyar mai ƙara ne kawai. Tuhumar laifi ta hukuma ce, mai gabatar da ƙara na iya ci gaba, sai a 'yan laifuffukan da doka ta ce ba a bin su sai da ƙorafin wanda aka cuta. Fiƙihu na da makamancin wannan: Safwan bin Umayya ya so ya yafe wa ɓarawon mayafinsa bayan an kai shi gaban Annabi (SAW), aka ce masa me ya hana ya yi haka kafin ya kawo shi. A shari'ar dukiya kuma akwai janyewa iri biyu: "désistement d'instance", wanda ke tsayar da wannan zaman kawai ana iya sake shigarwa, da "désistement d'action", wanda ke kashe haƙƙin neman gaba ɗaya.

Shiru, da abin da ya kamata a rubuta

Haƙƙi na iya saraya ba a furta komai ba. Risala ta ce wanda ya riƙe gida shekara goma ana danganta shi gare shi, mai shi na nan, ya sani, bai ce uffan ba, to ba a sauraron ƙararsa. Amma ta cire dangi da surukai daga wannan wa'adi, don an san kara ke sa su shiru. Tsakanin 'yan kasuwa, dokar OHADA, dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ta sa shekara biyar ga yawancin basussukan ciniki, biyu ga cinikin kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa.

Wanda zai jagoranci zaman gado, abu na farko shi ne ya raba tukuna: a auna, a kafa iyaka, kowa ya taka nasa. Maganar yafewa ta zo bayan an share makoki, a tambayi mai rabo ita kaɗai ko da wanda ta zaɓa, da Hausa, a ce mata: "Wannan naki ne, za ki riƙe, ko aro za ki bayar, ko sayarwa, ko kyauta?" In ta zaɓi kyauta, takarda ta faɗi sunan wanda aka ba, wace gona, iyakokinta huɗu da maƙwabtanta, ko itatuwa da rijiya na ciki, ko akwai sharaɗi kamar dami biyar duk kaka, da shaidu biyu da ba su da amfani a ciki. Mai gari ya sa hannu, a kai kofo, ita ma a ba ta kwafinta ta tafi da shi ɗakinta.